Mun Ɗaga Tuta a Potiskum, Amma Sai da Muka Yi Rigima

 Rubutun nan yana da tsawo, wanda cajinsa ya yi ƙasa ya ajiye shi sai an kawo wuta.

Kowa ya san yadda 1 ga Oktoba take a makarantunmu. Ranar wanki ce da rama barci. A Damaturu ne, ko Gashuwa, ko Maiduguri, ko Kano, igiyoyin shanya za ka tarar cike a bayan hostal. A waya kuwa gida biyu ake rabuwa: masu sa kore-fari-kore a sitatus, da masu bin su da tambayar "murnar me kuke yi?" A 2025 da ƙasar ta cika shekara 65, ita kanta gwamnatin tarayya soke faretin Abuja ta yi. Mu kuwa 'yan ajin 2020 na wata sakandaren gwamnati a Potiskum, ranar muka zaɓa muka koma tsohuwar makarantarmu, muka yi layi, muka ɗaga tuta. Ba zan kama sunan makarantar ba, ba zan kama sunan kowa ba. Waɗanda abin ya shafa sun san kansu.

Maganar a guruf ɗinmu na WhatsApp ta fara. Shekara biyar ke nan da muka gama, mu ne korona ta tura wa jarabawar WAEC har watan Agusta, ko walimar kirki ba mu yi ba aka watse. Tun daga nan guruf ɗin ba ya motsi sai katin ɗaurin aure, sanarwar rasuwa, da masu tallan data. Sai monitanmu ya ce a haɗu. Da Sallah kowa na hidimar gida, ƙarshen shekara kuma wasu na jarabawa, aka tsaya a kan 1 ga Oktoba tunda hutu ne ga kowa. Har nan ba a samu saɓani ba.

Rigimar ta taso ne da monita ya turo hoton sandar tutar makarantar. Wani tsumma ne a sama, koren ya koɗe ya koma ruwan toka, farin ya zama kalar ƙasa, gefe guda ya yage. Ya ce tunda ranar ƙasa za mu haɗu, mu ɗinka sabuwa mu kai, mu yi asambili kamar yadda ake yi a da. Wani namu mai karatun lauya ya ƙara da cewa ai ɗaga yagaggiyar tuta laifi ne a doka, tarar ma naira ɗari ce. Aka yi ta dariya, wani ya ce shi zai biya wa makarantar na wata guda.

Sai abokin bencina ya turo saƙon murya. Shekara shida muka yi a benci ɗaya da shi. Duk ajin ba wanda ya kai shi lissafi. Ya samu gurbi a jami'a, ya cinye wata takwas na yajin aikin 2022 a gida kamar kowa, da aka ƙara kuɗin makaranta a 2023 ya kasa biya, ya ce zai dawo baɗi. Har yau baɗin ba ta zo ba. Yanzu a kara yake, yana cikin masu lodin shanu a tirelolin da ke tafiya Kudu. Muryarsa a kwance take, bai ɗaga ta ba. Ya ce: "'Yan'uwa, in cin abinci za a yi a gaisa, da ni. In tuta za a ɗaga, ku yi ba ni. Yayana a gaban tutar nan ya rasu, yana layi, da yunifom a jikinsa. Ku faɗa min abin da ta yi masa."

Guruf ya yi tsit har washegari.

Ga waɗanda ba 'yan Yobe ba, bari na yi bayanin abin da ya sa kalmar asambili take da nauyi a wurinmu. Mu a watan Satumban 2014 muka shiga aji ɗaya na ƙaramar sakandare. Kafin nan an riga an kashe mutum 42 a makarantar Mamudo, nan kusa da gari, ranar 6 ga Yulin 2013. An kashe ɗalibai a Kwalejin Aikin Gona ta Gujba a watan Satumban shekarar. An kashe yara 59 a Kwalejin Gwamnatin Tarayya ta Buni Yadi a Fabrairun 2014. Da wannan labarin a kunnenmu iyayenmu suka ɗinka mana yunifom.

Ranar Litinin 10 ga Nuwamban 2014, mako guda bayan bam ɗin da ya tashi a jerin gwanon Ashura, wani ya sa kayan makaranta ya shiga cikin ɗaliban makarantar kimiyya ta gwamnati da ke garin nan, suna tsaye a filin asambili suna jiran jawabin safe. Sama da mutum 40 suka rasu, mafi yawansu ɗalibai. Mu a lokacin muna namu layin a tamu makarantar. Ƙarar na ji a ƙirjina kafin na ji a kunnena. Abin da na fi tunawa shi ne takalma. Filin ya cika da takalman da aka gudu aka bari, da iyaye mata a bakin ƙofa ba mayafi, kowace na kiran sunan ɗanta.

An rufe makarantu. Da aka buɗe, a tamu makarantar an daina tara mu a fili. Sanarwa aji-aji ake bi da ita. Jaka kuwa sai an zazzage ta a ƙofa, har da yawanmu muka haƙura da ita, muka koma rungumar littattafai a hannu ko a leda. Ko da aka dawo da asambili daga baya, a gurguje ake yi, malamai na zagaye da mu, ido na kan ƙofa. Wanda ya makara ya shigo da gudu sai ka ga layi ya dare. Har yau, ina aji huɗu a jami'a, in na shiga babban ɗakin lakca sai na duba inda ƙofa take kafin na zauna. Na tambayi abokaina 'yan Potiskum da ke wasu makarantun, kusan kowa haka yake yi.

To kun ga, abin da yaron Sakkwato ko na Ilori ya taso yana yi kullum da safe har ya gundure shi, mu ƙwace mana shi aka yi. Shi ya sa maganar monita ta taɓa wasu, kuma shi ya sa maganar abokin bencina ta fi taɓa kowa.

Kwana huɗu aka yi ana muhawara. Masu goyon bayansa suka jero nasu: litar man da ba ta kai naira 200 ba kafin 29 ga Mayun 2023 ta haura dubu a ƙarshen 2024. Digirin shekara huɗu ya koma na shida. Wanda ya gama ma yana gida. Suka tuna mana Agustan 2024, da aka fito zanga-zangar tsadar rayuwa, aka sa dokar hana fita a Potiskum da Gashuwa da Nguru, da yaran da aka gurfanar a kotun Abuja a watan Nuwamba wasunsu suna faɗuwa don galabaita. Duk gaskiya ne. Ba wanda ya iya cewa ƙarya suke yi.

Wani kuma ya kawo ta fuskar addini, ya ce shi tsayuwa wa ƙyalle ne bai kwanta masa ba. Namu da ke karatun addinin Musulunci ya amsa masa a taƙaice. Ya ce ba wanda yake bauta wa tuta, alama ce, kuma ba Turawa ne suka koya mana ita ba. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo tuta ya riƙa bai wa waɗanda ya aika: Malam Zaki na Katagum, Buba Yero na Gombe, Yakubu na Bauchi, Modibbo Adama. Duk maƙwabtanmu ne. Wanda aka damƙa wa tuta amana aka damƙa masa, kuma ana iya tuhumarsa a kanta. Ya ce wanda zuciyarsa ba ta natsu ba ya tsaya gefe, ba dole.

Wannan kalma ta amana ita ce ta tsaya min a rai. Na zauna na lissafa, mu da ba mu wuce shekara 23 ko 24 ba, tuta uku muka gani an ɗaga a Arewacin ƙasar nan. Mun ga baƙa, wadda aka kafa a Gwoza a Agustan 2014, aka kafa a Buni Yadi, aka kafa a Mubi har aka sauya wa garin suna. Masu ita sun ce boko haramun ne, taken ƙasa da tutar ƙasa kafirci ne, kuma a kan haka suka bi ɗalibai har ɗakin kwana. Mun ga ta Rasha a hannun matasa a titunan Kano da Kaduna a 2024. Ban raina fushin da ya sa aka ɗaga ta ba, yunwa ba wasa ba ce. Amma wa zai je Mosko ya ce a gyara masa ajin da rufinsa ya yaye? Wa zai kai Putin ƙara kan kuɗin rajista? Sai ta ukun, kore-fari-kore, wadda duk lalacewarta ita kaɗai ce in ka tsaya a ƙarƙashinta kake da bakin cewa: haƙƙina nake nema, kuma dole a ba ni.

Da muhawarar ta yi zafi na je na karanta tarihin tutar kanta, na turo musu. Wanda ya zana ta ɗalibi ne kamarmu. Sunansa Michael Taiwo Akinkunmi, yana karatun lantarki a Landan, shekarunsa 23, ya ga sanarwar gasa a jarida ya aika da zanensa. Nasa aka zaɓa a 1959, aka ba shi fam 100. A zanensa na asali akwai jar rana a tsakiyar farin, alƙalan gasar suka cire ta. Kore na nufin noma da albarkar ƙasa, fari na nufin zaman lafiya. Daren 1 ga Oktoban 1960 aka sauke ta Ingila a filin sukuwa na Legas, wanda yanzu ake kira Dandalin Tafawa Ɓalewa, aka ɗaga tasa.

Sauran labarin shi ne ya fi kama da namu. Ya dawo ya yi aikin gwamnati a Ibadan, ya yi ritaya, aka manta da shi shekara da shekaru. Sai a 2014 Shugaba Jonathan ya ba shi lambar girma ta OFR. Ya rasu ranar 29 ga Agustan 2023 yana da shekara 87, gawarsa ta yi kusan shekara guda a ajiye ana jiran jana'izar girmamawa da aka yi wa iyalinsa alƙawari, sai a Satumban 2024 aka binne shi. Mutumin da gidansa ma kore da fari ya fente shi. Abokin bencina ya karanta ya rubuto layi ɗaya: "To ka gani, ko mai ita ba ta yi wa rana ba." Na ce masa haka ne, amma wa ya ƙi yi masa ranar, ƙyallen ko masu zama a ƙarƙashinsa? Bai amsa ba.

A ƙarshe aka yanke cewa za a yi duka biyun. Za a ɗaga tuta da ƙarfe tara, za a ci abinci da sha ɗaya, kowa ya zo wa wanda ya ga dama. Kowa ya kawo dubu biyu, mai hali ya ƙara. Monita ya je ya nemi izinin shugaban makarantar. Ɗinkin kuma aka bai wa telanmu, ɗan ajinmu ne da ya buɗe shago tun muna aji biyar. Da aka kai masa yadi sai ya ce a fara rubuta masa takarda cewa ta Najeriya ce, don ya ji yadda aka kama teloli a Kano a 2024 kan ɗinka ta Rasha. Shi ne ya koya mana cewa tsawonta ninki biyu ne na faɗinta, kuma gida ukun daidai wa daida suke. Bai karɓi kuɗin aiki ba.

Ranar ta faɗo Laraba, ranar kasuwar shanu. Tun asuba tireloli sun cika hanya, ƙura ta tashi, masu keke Napep sun ƙara kuɗi. Mu 58 ne muka gama, 27 suka zo. Wasu daga Damaturu suka taho da safen, wasu sun kwana a mota daga Zariya, ɗaya ya zo da kakinsa na bautar ƙasa don a san ya riga mu. A ƙofa muka tarar da Baba mai gadi, ya tsufa, sandarsa dai ita ce. Ya gane mu ɗaya bayan ɗaya, har da sunan tsokanar da yake kiran kowa. Duk da haka ya ce, "'Ya'yana, a buɗe jaka." Muka buɗe. Ba wanda ya yi dariya.

Mun gayyaci tsohon malaminmu na tarihi, ya yi ritaya, ya zo a bayan babur ɗin ɗansa. Shi ya ce a yi layi bisa tsawo kamar da. Ƙarti da gemu, wasu da 'ya'ya a gida, ana ta "matsa gaba" da "miƙe hannu". Wasu yara da ke buga ƙwallo a filin suka bar wasan suka zo kallo, Malam ya ce su ma su shiga layi.

Sai ya zaro tsohuwar rajistar ajinmu daga aljihun babbar rigarsa. Wallahi ban san ya ajiye ta ba. Ya fara kiran suna. Wanda yake nan ya amsa, wanda ba ya nan a faɗi inda yake. Wannan yana Legas yana acaɓa. Wannan ya shiga soja, yana Borno. Wannan yana Libiya, shekara biyu ba a ji ɗuriyarsa ba. Wannan yana gona, an fara yankan gero. Uku sun rasu: ɗaya hatsarin mota a hanyar Azare, ɗaya rashin lafiya, ɗaya a bakin aiki da kaki a jikinsa. Duk wanda aka kira a cikinsu sai layi ya ce Allah Ya jiƙansa. Ban taɓa jin bayanin halin da ƙasar nan take ciki da ya kai kiran sunan nan ba.

Ana cikin haka aka ji ƙarar ƙofa. Kusan dukkanmu muka waiga lokaci guda, wasu har sun ɗaga ƙafa. Shekara goma sha ɗaya, jiki bai manta ba. Abokin bencina ne, daga kara yake, ƙura har gira, takalmin roba a ƙafarsa. Bai shiga layi ba. Ya je gindin darbejiya ya tsaya ya harɗe hannu.

Wajen taken ƙasa aka sha kunya. Mu wanda aka fara amfani da shi a 1978 muka haddace tun firamare. Ranar 29 ga Mayun 2024 aka dawo da na 1960. Monita ya ba da umarni, rabinmu suka kama tsohon, rabi suka kama sabon da ya fi tsohon tsufa, aka cakuɗe aka tsaya. Waɗanda suka iya shi daga farko har ƙarshe su ne Malam, da ya rera shi yana ɗan firamare, da yaran ƙwallon nan da ake koya musu yanzu. Dattijo ɗaya da yara bakwai suka ja, mu 'yan jami'a muna bin su da gunguni. Malam ya ce wannan ma darasin tarihi ne, kyauta.

Aka sauke tsohuwar, Baba mai gadi ya naɗe ta da kyau ya ce shi zai ajiye. Ƙaramin cikin yaran aka bai wa igiya. Ta maƙale a tsakiya, sai da telanmu ya girgiza sandar ta ƙarasa. Ba iska sosai, ta ɗan buɗe ta koma ta kwanta. Iyakar abin ke nan, bai kai minti biyu ba.

Malam bai yi dogon jawabi ba. Ya ce: "'Ya'yana, ban tara ku don na ce muku ƙasar nan ta kyauta muku ba. Ni ma haƙƙina na ritaya sai da na yi ta sintiri a kansa. Amma waɗanda suka kashe 'yan'uwanku abu biyu suke so: kada ku yi karatu, kada ku sake tsayuwa a fili irin wannan. Ga shi kun yi karatun, ga shi kun tsaya." Sannan ya juya wajen darbejiya ya ce, "Kai kuma ɗana, zo ka faɗi sunan yayanka, a yi masa addu'a da shi da abokansa."

Ya zo. Ya faɗi sunan, ya faɗi ajinsa, ya ce likita yake so ya zama. Aka ɗaga hannu. Da aka shafa sai ya ce, "Malam, ni fa ba don ita na zo ba, don ku na zo." Malam ya ce, "Ya isa. Ai mu ɗin ne ita."

Ba zan ce muku ya sauya ra'ayi ba, don bai sauya ba. Wajen cin abinci, ga waina ga balangu ga zoɓo a inuwar aji, ya ci gaba da musu har ya fi na guruf zafi. Sai dai musun ya koma wani abu dabam. Ya ce in da gaske muke, mu tashi mu leƙa azuzuwan. Muka leƙa. Ajinmu na ƙarshe benci shida ne a ciki, allo ya fashe, silin ya rufto ta kusurwa. Ya ce, "To masu kishin ƙasa, ga ƙasar nan." A nan take aka sake zama. Kuɗin da ya rage da wanda aka ƙara a wurin aka ce kafinta ya yi benci goma. Aka ce duk shekara za mu biya wa yara biyu marayu kuɗin jarabawar fita. Aka ce mai karatun lauya ya rubuta takarda da sunan ajinmu zuwa ga hukumomin da gyaran ya rataya a wuyansu, kowa ya sa hannu, a riƙa bibiya duk wata. Da aka zo zaɓen wanda zai riƙe lissafin kuɗin, ba a yi ko musu ba, shi aka bai wa. Bayan ya tafi kuma, mu da muka rage muka yi wata maganar a kan komawarsa makaranta. Wannan tsakaninmu ne, ku dai ku sa mu a addu'a.

Ga abin da na taho da shi daga Potiskum, kuma shi ne dalilin rubutun nan. Hausawa sun ce zomo ba ya fushi da makashinsa sai maratayinsa. Fushinmu halal ne, amma sau da yawa a kan ƙyallen muke sauke shi, mu bar waɗanda suka ci amanarsa suna yawo da shi a gaban motocinsu. Duk ranar da talaka ya ce tutar nan ba tasa ba ce, ya sallama musu ita ke nan, da filin, da makarantar, da baitulmalin. Su kuwa ba abin da suke so kamar haka. Mu 'yan Yobe mun biya kuɗin tutar nan da tsada. An biya a Mamudo, an biya a Gujba, an biya a Buni Yadi, an biya a Potiskum, an biya a Dapchi da aka kwashe 'yan mata 110 a 2018, har yau Leah Sharibu ba ta dawo gida ba. Wanda ya biya irin wannan kuɗin ba ya barin kayan a kasuwa ya tafi.

Kuma ɗaga ta bai hana ka magana ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, shi ne kuma yake da ikon ɗaga murya a kan yoyon. Baƙo sai dai ya matsar da tabarmarsa. Ni a wurina wanda ya rera take da wanda ya tsaya gindin darbejiya ya harɗe hannu duk 'yan gida ne, muddin gobe za su haɗu a kan benci goman nan. Wanda ban gane masa ba shi ne mai sa kore-fari-kore a sitatus shekara-shekara bai taɓa taka makarantar da ta yaye shi ba, da kuma mai zagin ƙasa dare da rana ko katin zaɓe bai da shi.

Saboda haka ga roƙona gare ku, musamman mu da Allah Ya sa muka samu shiga manyan makarantu. In kun je hutu, ku leƙa tsohuwar makarantarku. Ku dubi sandar tuta, sannan ku wuce ku dubi azuzuwan. Ku nemi malamin da ya yi ritaya ku gaishe shi, ko da sabulu ne ku riƙe masa. Ku kira sunayen 'yan ajinku ɗaya bayan ɗaya ku ji ina kowa yake, za ku sha mamakin yawan masu ƙoƙarin da kuɗi kaɗan ya tsayar. Guruf ɗin ajinku ya fi ƙarfin katin biki. Ba sai kun jira 1 ga Oktoba ba, ba kuma sai an kafa ƙungiya mai shugaba da sakatare da hatimi ba. Mu mutum 27 ne da dubu bibbiyu.

Ranar 10 ga Nuwamban 2025 aka cika shekara 11 da abin da ya faru a filin asambilin makarantar kimiyya. Duk inda kuke, a masallacin makaranta ne ko a coci ko a ɗaki, ku tuna da yaran nan. Da suna raye da yanzu wasunsu likitoci ne, wasu malamai, wasu suna nan tare da mu suna ƙorafin lakcar ƙarfe bakwai. Allah Ya jiƙansu, Ya bai wa iyayensu haƙuri, Ya zaunar mana da Yobe da Najeriya lafiya.

Ku kuma 'yan sauran ajujuwa da sauran garuruwa, yaushe rabonku da makarantarku, kuma me kuka tarar? Ina jiran ji daga gare ku.